In Tausasa Mashin Ɗina Ko In Ci Gaba Da Jure Ciwon Ƙugu?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, shekarata 41, ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Tun ina saurayi nake sha'awar babban mashin, bara Allah ya hore mini na sayi Honda CBR600F ƙirar 1999, ɗan Kwatano. A kan kwalta ban taɓa hawan abin da ya kama ƙasa kamarsa ba. Amma kafin in isa Kano wuyan hannuna ya yi tsami, yatsu biyu na hannun dama sun mutu, ƙugu da wuya suna ciwo. Hanyar burjin da ke tsakanin garinmu da titi kuwa azaba ce. Wani abokina ya ce in sassauta shakazoba gaba ɗaya, in rage iskar taya, a sauke bayan mashin ƙasa, mai walda ya ɗora mini kan Boxer. Wani kuma ya ce in na taɓa ko kusa ɗaya na kashe mashin, in jure kawai, haka maza suke. Mai ɗakina ta ce in sayar. Ni kuwa ina son mashin ɗin nan. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa ka mori abin hawanka lafiya.

Abokan nan naka sun saɓa a baki, amma tunaninsu guda ne. Dukansu sun ɗauka daɗin zama da kama hanya kishiyoyi ne, in ɗaya ta samu dole ɗaya ta rasa. Da sabon mashin ne da aka fitar daga kwali jiya, da maganar tana da ƙamshin gaskiya. Naka kuwa ya haura shekara 25 a duniya, ya yi zamaninsa a wata ƙasa a hannun mutanen da ba ka sani ba, sannan ya tsallako teku. A irin wannan mashin, yawancin abin da ke dukan ƙugunka shi ne kuma yake rage kama hanyar da kake yabo: kayan aiki ne suka gaji. A ganina har yanzu ba ka hau mashin ɗin yadda aka ƙera shi ba, don haka lokacin yanke masa hukunci bai yi ba.

Ka san abin da ka saya. Honda ta fara fitar da CBR600F a 1987, ƙirar 1999 kuma ita ake kira F4, wadda aka sauya wa firam daga ƙarfe zuwa alminiyam. Ba don filin tsere kaɗai aka yi ta ba, an yi ta ne don mutum ya je aiki da ita, ya yi doguwar tafiya, in ya ga dama ya shiga fili. Shi ya sa mariƙan hannunta suke saman farantin da ya haɗa sandunan shakazobar gaba, ba ƙarƙashinsa ba. Sai a 2003 Honda ta fito da CBR600RR, aka sauke hannu ƙasa, aka ɗaga matakan ƙafa, mahayi ya kifa a kan tanki sosai. Da RR gare ka, ko Yamaha R6 wadda ta fito shekara ɗaya da taka, da tun daga farko na bi bayan mai ɗakinka. A cikin mashinan gudu na wancan zamanin, naka yana cikin masu rangwame ga jiki.

Ba don ka burge samari a kwana nake hana ka wasa da kama hanya ba. Hanyar Ringim zuwa Kano ta Gezawa ka fi ni saninta. Akuya ta ɓullo daga bayan danga, amalanke ya fito daga gona da magariba ba fitila, ruwan sama ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kwana, da kaka a shanya amfanin gona a gefen kwalta, ranar kasuwa yara na tsallakawa da faranti a ka. Mashin ɗinka yana da ƙarfin doki wajen 100, nauyinsa ya kusa kilo 200 in an cika tanki, kuma ba shi da na'urar ABS mai hana taya kullewa in an damƙi birki. Ranar da saniya ta tsaya maka a tsakiyar titi, tsayuwarka ko kaucewarka ta rataya ne a kan tayar gaba ta ci gaba da manne wa ƙasa. Wannan kuwa aikin taya ne da shakazoba, wato daidai abubuwan da aka ce ka sassauta.

To, fara da taya. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016 ke nan. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa bincikarta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, zafin ƙasarmu kuwa ba ya tausaya wa roba. Tsohuwar taya bushewa take yi ta yi tauri, ta riƙa miƙo maka kowace tsakuwa har ƙashin baya, kuma ita ce mai santsi. Dubi ta baya da kyau. In tsakiyarta ya baje, gefe ya yi kafaɗa, za ka ji mashin yana ƙin kwanciya, sannan ya faɗa kwana lokaci guda, kai kuma ka ƙara damƙe hannu ba ka sani ba. Girman da aka yi wa mashin ɗin shi ne 120/70 a gaba, 180/55 a baya, duka inci 17. Kada a ƙara maka faɗi don kyan gani. Ka nemi irin da aka yi don doguwar tafiya, kamar Michelin Road ko Pirelli Angel, sun fi na tsere daɗewa nesa ba kusa ba. In aljihu ya tilasta maka 'yar Kwatano, ka karanta shekararta kafin ka tambayi kuɗinta.

Iska kuma Honda ta ce 36 a gaba, 42 a baya, a ma'aunin da masu faci ke aiki da shi, a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Ka sayi ma'auninka ka ajiye a ƙarƙashin sit. Masu faci da yawa da bugun sifana suke gwada iska, su yi ta durawa har sai taya ta yi ƙara, kuma ba zan yi mamaki ba in ka tarar rabin azabarka daga nan take. In kai kaɗai ne ba kaya, kana iya rage 2 ko 3 a baya. Fiye da haka taya za ta riƙa zafi, kan mashin ya yi nauyi, rami ɗaya ya lanƙwasa maka rim. Rim ɗin alminiyam kuwa ba irin mai sifok ba ne da ake ɗaurewa a miƙar a bakin titi.

Sai shakazoba, kuma nan ne zan ɗan daɗe. A cikin kowane sanda na gaba akwai sifirin akwai mai. Sifirin ke ɗaukar nauyi, man ke hana sifirin tsalle. Mai yana tsufa kamar kowane mai, ya tsinke, ya gauraya da dattin ƙarfe. Da wuya a samu ɗan Kwatanon da aka sauya masa man nan kafin a loda shi a jirgi, kuma ranar da aka juye shi za ka gan shi baƙi ƙirin yana wari. In ya mutu, gaban mashin yana nutsewa da sauri in ka taɓa birki, nauyinka duka ya zube a wuyan hannu, sannan ya yi ta rawa a kan gargada. A sa man shakazoba na ainihi, ba baƙin mai ba, a awon da littafin mashin ya faɗa, sandunan biyu daidai da juna. A sauya oyil sil da robar da ke tare ƙura a lokaci guda. In kana ganin danshin mai ya kama ƙura a jikin sanda, sil ya riga ya tafi, kuma man yana iya gangarowa kan birki. Da hunturu ka riƙa goge sandunan da tsumma mai laushi, ƙurar nan ita ke cin sil.

Ta baya gwajinta ba wuya. Danna bayan mashin da ƙarfi ka saki. Mai lafiya za ta taso sau ɗaya ta tsaya, wadda ta mutu za ta yi ta lilo. In ta mutu ba sukurun da zai tashe ta, sai dai a gyara ta a wurin wanda ya iya ko a sauya, a tambaya a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a sa a nemo daga kasuwar Ladipo a Legas. Ƙarafunan da suka haɗa ta da ƙafar baya suna da boris a ciki, a kwance su a wanke a sa giris, don in sun bushe ko sabuwar shakazoba ba za ta motsa yadda ya kamata ba. A ɗaga tayar gaba sama a juya kan mashin hagu da dama a hankali. In yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci, kuma shi ke sa ka yi ta kokawa da mashin a miƙaƙƙiyar hanya har kafaɗa ta gaji. Ka kuma lura da sarƙa. Hannun da ya saba da ƙananan mashina yana son ɗaure ta tamau, alhali taka tana buƙatar sakin milimita 25 zuwa 35. Sarƙar da aka ɗaure fiye da kima tana riƙe ƙafar baya ta hana ta aiki, ta kuma ci boris ɗin giya. Saboda irin wannan nake roƙonka ka kai shi wurin bakaniken da ya saba da manyan mashina a Kano, ka sauko da littafin gyaransa daga intanet, ka zauna a wurin har a gama.

Maganar sassautawa gaba ɗaya kuwa, ga inda abokinka ya kuskure. Abin da ake juyawa a matse sifirin ko a sake shi ba ya sauya taurin sifirin ko kaɗan, tsayin da mashin zai tsaya a kai kawai yake sauyawa. Tafiyar shakazobarka duka wajen milimita 120 ce. In ka sake ta har ƙarshe, da zamanka kaɗai za ka cinye kusan rabi, sai rami ya zo ya tarar ba sauran wuri, ƙarfe ya bugi ƙarfe, bugun ya ƙare a ƙugunka. Abin da ake so shi ne zamanka ya nutsar da mashin milimita 30 zuwa 35 gaba da baya. Ka samu mutum biyu da tef ɗin tela. A ɗaga mashin har tayar ta saki nauyi a auna daga tsakiyar taya zuwa wata alama a sama, sannan ka hau, ƙafafunka a kan matakai, ɗaya ya riƙe maka, ɗayan ya sake aunawa. Bambancin shi ne awonka. Ƙananan sukurori masu sarrafa gudun mai kuma a mayar da su inda littafi ya ce. Daga nan in har yanzu kana jin duka, ka sassauta sukurin da ke sarrafa nutsewar shakazoba da kwata ɗaya na juyi, ka hau hanyar da ka sani, ka ji. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, kuma ka rubuta inda ka same shi kafin ka taɓa.

Sauran ciwon daga zamanka yake, wannan kuma gyaransa ba ko kwabo. An tsara mashin ɗin ne iska ta tallafi ƙirjinka in kana gudu, shi ya sa cikin cunkoson Kano da hanyar garinku suka fi ci maka hannu. Wanda ya taso a kan Jincheng ko Boxer ya saba zama a miƙe, in ya hau irin wannan sai ya jingina da hannayensa, gwiwar hannu a sandare. Ka matse tanki da cinyoyinka, ka taka matakai da gaban tafin ƙafa, cikinka da bayanka su ɗauke ka, gwiwar hannu a lanƙwashe, riƙon ya zama sako-sako. Makon farko cinya za ta yi tsami, daga baya ta saba, kuma za ka ji mashin ya fi saurin bin umarni, don hannun da aka jingina a kai ba ya iya tuƙi da kyau. Sannan ka zauna yadda kake tafiya ka miƙa yatsunka. In sai ka karya wuyan hannu sama kafin ka kamo birki ko kuloci, a sassauta ƙusoshinsu a ɗan karkato da su ƙasa har hannu ya miƙe. Ka duba ko ƙarafunan nan masu nauyi na ƙarshen mariƙai suna nan, don sau da yawa suna ɓacewa a hanya, kuma su ke rage girgizar da ke kashe yatsu.

In duk an yi wannan jiki bai gamsu ba, akwai sauyi biyu da na yarda da su. Na farko sit. Sosonsa ya yi shekaru, ya mutu. Ka kai wa mai ɗinkin kushin, amma kada ka ce ya sa mai laushi, mai laushi minti kaɗan yake yi ka nutse ka tarar da roba. Mai ɗan tauri ake so, a faɗaɗa wurin zama, a kuma gyara gangaren da ke tura ka kan tanki. Kada ya ƙara tsayi da yawa, don duk abin da aka ƙara a sit an ƙara wa hannu nauyi ne. Na biyu, a ɗaga mariƙan hannu da milimita 20 zuwa 30 da kayan da aka ƙera don wannan ƙirar. Gaban zai ɗan rage nauyi, amma a gudun da mai hankali ke yi a titi da wuya ka ji asarar, wuya da ƙugu kuwa za su ji riba. Bayan an ɗaura, a tayar da inji a juya kai har ƙarshe ta kowane gefe. In ƙarar inji ta ƙaru wayar totur ta yi gajarta, kada ka hau sai an gyara. A tabbata bututun birki bai miƙe tamau ba, hannu kuma ba ya bugun tanki ko robobin gaba.

Walda dai a'a, Malam, ina roƙonka. Ɗora kan Boxer da wuta a kan mashin mai wannan ƙarfi gyaran gangar Auzinawa ne, kuma ranar da waldar za ta saki ita ce ranar da ka damƙi birki da dukkan ƙarfinka. Sauke baya ma haka. Yana sa mashin ya yi kasala a kwana, ya rage tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa, wadda dama wajen milimita 135 ce kacal, ga bututun salansa sun bi ta ƙarƙashin inji. Tudun rage gudu na farko a garin da ke gaba zai gaya maka.

Abin da sifana ba za ta gyara ba shi ne burji, kuma gara in faɗa maka a fili. Mashinan da aka yi don irin hanyar garinku suna da tayar gaba inci 19 ko 21, shakazobar Suzuki DR650 tana tafiyar milimita 260, fiye da ninki biyu na taka. Naka ba zai taɓa yin daɗi a can ba. Abin da za ka iya shi ne ka bi a hankali a giya ta biyu, ka ɗan ɗaga jiki daga sit nauyi ya koma kan matakai, in ka shiga yashi ka bar birkin gaba. Tafiyar hawainiya tana dafa inji, don haka ka tabbata fankar lagireto tana tashi, ka riƙa duba matatar iska akai-akai saboda ƙura. In kana da ƙaramin mashin, shi ne na makaranta da gona da kasuwa, babban a ajiye shi a gidan wani amintacce a bakin titi don tafiyar Kano. In kuwa ka lissafa ka ga yawancin hawanka a burji yake, kuma ba halin riƙe biyu, to mai ɗakinka ta fi mu gaskiya, ka gyara shi ka sayar da daraja ka nemi wanda ya dace da garinku. Ba abin kunya a ciki.

Ita ce take ganin yadda kake saukowa a duƙe, kada ka ɗauki maganarta ƙorafi. Ka zauna da ita ka gaya mata abin da za ka gyara, nawa ka ware, da lokacin da za ku sake duba maganar, sannan ka cika alkawari. In za ka ɗauke ta, a kan kwalta kawai, da hular kwano a kanku duka, a ƙara matse sifirin baya, a naɗe hijabi da zani sosai, don sarƙa da tayar baya ba sa sakin abin da suka kama. Babbar riga ma haka.

Yatsun nan su suka fi damuna a wasiƙarka. In ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi, jijiyar gefen tafin hannu ake dannewa. In babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, ta tsakiyar wuyan hannu ce. Mutuwar da ke wartsakewa bayan ka tsaya ka girgiza hannu na 'yan mintuna matsi ne, safar hannu mai ɗan soso da tsayawa hutu a hanya za su taimaka. Amma in tana kwana, ko tana tashinka da dare, ko abu yana suɓuce maka, ko ciwon ƙugun yana gangarowa ƙafa, ka jingine mashin ka je asibiti likita ya duba ka. Kada ka sha maganin kashe ciwo don ka iya hawa, wannan hannun shi ne a kan birkin gaba.

In ka duba shekarar tayoyin ka kuma yi awon nutsewar, ka rubuto mini lambobin tare da nauyinka, sai mu ga ko sifirin ɗin ya yi maka daidai ko shi ma yana son sauyi. Allah ya tsare hanya, a gaida mai ɗaki.